Alimun a Tankin Unguwar Kanya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Tijjani Gaji. Masu girma wakilan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. 'Yan kwamitin ruwa na Unguwar Kanya. Baƙinmu da suka taso daga Balan da Kademi, da sauran unguwannin Gafasa. Iyayena mata da ke zaune a rumfar can. Yayyena da ƙannena da suka ajiye ayyukansu suka zo. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga kwamiti da ya shirya zaman, ina kuma godiya ga jama'ar Unguwar Kanya, waɗanda suka yi mini shimfiɗa yau, alhali da sun ga dama da harara za su tarbe ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Adawiyya Gwadabe, haifaffiyar Kademi. Karatun injiniya na yi, a fannin tace ruwa. Ni ce na zana, na kuma haɗa na'urar da ke bakin tafkin nan, wadda ta yi wata biyu tana ba ku ruwa garau, sannan ta tsaya. An tara mu ne domin a yanke shawara: ko a gyara ta, a kafa irinta a Balan da Kademi, ko kuwa a haƙura da ita, kowa ya koma ga gugansa. An ce in yi bayani a matsayina na mai sana'ar, kuma zan yi.

Sai dai akwai wata magana da ba ta cikin takardar da aka raba muku. A can ƙarshen taro, gindin tsamiya, akwai wani dattijo a zaune shi kaɗai. Malam Ɗayyabu ke nan, wanda kwamiti ya damƙa wa makullin na'urar ranar da aka buɗe ta, ya kuma karɓe shi ranar da ta tsaya. Wata biyar ke nan ana kiransa ɓarawo a unguwar da aka haife shi. Ni na roƙa aka je aka zo da shi. Duk bayanin da zan yi, na ƙarfe ne ko na lantarki, a kansa zai ƙare.

Magana ta farko ita ce matata.

Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san rabin karatun da na kwashe shekaru ina yi. Ki ɗaura ƙyalle a bakin roba, ki zuba ƙullu, da fari ruwa ya riƙa sauka kamar famfo. Kafin ki juya, dusa ta kwanta a kan ƙyallen, ruwa ya koma ɗiga. Ƙyallen bai lalace ba, ƙofofinsa ne suka toshe. Sai ki sa hannu ki motsa, ki girgiza, ki kau da dusar, ruwa ya ci gaba da sauka.

Matatar da ke cikin na'urarmu ƙyalle ce ita ma, illa dai ƙofofinta sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu. Ruwa yana wucewa, laka ba ta wucewa, akasarin ƙwayoyin cuta ma ba sa wucewa. Amma ciwonta ɗaya da na ƙyallen gasara: abin da ta hana wucewa, shi ke kwanciya a kanta. A ɗakin gwaje-gwaje na zuba mata ruwa mai laka, cikin awa ɗaya abin da take fitarwa ya ragu da rabi. Kuma ita a rufe take cikin akwatin ƙarfe, babu hannun da zai shiga ya motsa. Saboda haka duk aikina ya tsaya a kan tambaya guda: da me za mu maye gurbin hannun mai tace gasara? Amsar da masana suka daɗe suna gwadawa, wadda ni ma na bi, hannu biyu ce. Ɗaya lantarki, ɗaya sauti.

Magana ta biyu ita ce lantarki.

Kun san ruwan tafkin nan yakan kwana uku a randa bai kwanta ba. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya ƙin kwanciya banza. Kowace ƙwayar laka da ke yawo a cikinsa tana ɗauke da ɗan caji, irin na ƙafar baturi mai alamar ragi. Da yake cajinsu iri ɗaya ne, sai su riƙa ture juna, su ƙi haɗuwa, su ƙi yin nauyin da zai nutsar da su. Wannan hali nasu shi muka mayar abin amfani. Muka sa farantin ƙarfe biyu, ɗaya a gaban matata, ɗaya a bayanta, muka ba su 'yar wuta daga faifan sola, wadda ko kaza ba za ta girgiza ba. Farantin gaba yana janyo laka zuwa gare shi, na baya yana kore ta. Sai ya zamana ruwa yana tafiya wajen matata, laka tana ja da baya. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi: lantarkin ba ya ganin laka, cajinta kawai ya sani.

Magana ta uku ita ce sauti.

Duk ƙoƙarin lantarki, wani abu zai kuɓuce masa ya manne. Shi ne muka liƙa wasu 'yan ƙarafa a jikin akwatin, masu karkarwa sau dubu talatin da wani abu a cikin daƙiƙa ɗaya. Karkarwar tana haifar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, kumfan su fashe a kusa da matata, su ɓamɓare abin da ya kwanta. Dangin sautin nan ne ake amfani da shi a asibiti idan mai juna biyu ta je a yi mata hoton ciki. Wace ce a cikinku ta taɓa jin ƙarar abin da ake goga mata? Kunnen ɗan Adam yana da iyaka, wannan sauti ya wuce iyakar. Kare yakan ji shi, shi ya sa karnukan makiyaya ba sa son kwanciya a inuwar akwatin. Mu dai, in an rufe murfi, ba ma jin komai.

Da hannu biyun nan suka haɗu, na'urar ta riƙa cika jarka ɗari da ashirin a wuni, ba tare da an buɗe ta an wanke ba. Wannan ba labari ba ne a wurinku, ku kuka ɗiba.

Magana ta huɗu ita ce abin da ya faru.

A wata na biyu ruwa ya fara raguwa. Daga ɗari da ashirin ya koma tamanin, ya koma arba'in, har aka wayi gari jarka goma sha biyar ma da ƙyar. Mutane suka taru, wasu suka kara kunne a jikin akwatin, suka ji shiru. To, mu nan mun saba, inji mai aiki ƙara gare shi. Injin niƙa yana hana ka jin sallamar maƙwabci, injin ban ruwa ana jinsa daga gonar da ke gaba, janareta kuwa ba a magana. Inji ya yi shiru, ko ya mutu, ko an cire masa wani abu. Ranar buɗewa ma shirun yake yi, amma ranar ruwa na zuba, ba wanda ya damu ya saurara. Sai aka ce an kwance kayan ciki an kai kasuwa. Wa ke da makulli? Malam Ɗayyabu. Aka karɓe makullin, aka sa wani kwaɗo a kan na farko, aka ce kada kowa ya taɓa sai Injiniya ta zo.

Injiniya kuwa ba ta zo ba. Ina Kano ina rubutun kammala digiri, aka buga mini waya na ce ina nan tafe. Ina nan tafe ta ɗauki wata huɗu. Ba zan ƙawata wannan ba: na ji tsoron in zo in tarar aikina ne ya gaza, sai na fake da karatu.

A watan jiya na zo. A gaban 'yan kwamiti uku aka buɗe kwaɗo biyun. Na ƙirga komai, faranti biyu suna nan, ƙarafan sauti shida suna nan, wayoyi suna nan, ko ƙusa ɗaya ba ta yi ƙafa ba. Har na tarar an naɗe kan wayoyin da tsumma don kada ɓera ya ci, abin da ni ban yi tunaninsa ba. Na kunna, na tsoma takardar alminiyam a cikin ruwan, bayan minti ɗaya na ɗago ta, kumfan nan duk sun huda ta. Sautin yana aikinsa. Gani ya kori ji, na bar takardu a wurin, duk mai so ya je ya tsoma da hannunsa bayan an tashi.

Amma matatar ta toshe ƙam, laka ta danƙare a kanta kamar an yi yaɓe. Na rasa dalili. Na hau kan tankin da ake tara ruwan tafki kafin ya shiga na'ura, na leƙa, na ga wasu fararen dunƙule a ƙasa. Na ɗebo ruwan na kai baki, sai na ji ɓauri ya kama mini harshe, irin ɓaurin randar mahaifiyata idan bazara ta yi. Alimun ne.

Na tambayi mata, ba su ɓoye ba, don ba su ga abin ɓoyewa ba. Inna Hanne, wadda ta fi shekara arba'in tana kwantar da ruwan biki da na suna a unguwar nan, ta ce mini: “'Yar nan, mun ga ruwan da ake ba abin naki ya yi kauri ne, muka ce mu rage masa wahala. Ni na fara jefa ɗan ƙulli.” Ta faɗi gaskiya, nata ɗan ƙulli ne, a kan ma'auni irin na wadda ta san hannunta. Amma kun san halinmu da gudummawa. In maƙwabciya ta kai, ke ma sai kin kai, kada a ce ruwa kawai kika iya ɗiba. Wannan ta jefa nata, waccan ta jefa nata, gida wajen sittin, kowace tana ganin alheri take yi, babu wadda ta san adadin da ya riga ya shiga.

Yanzu mu koma ga abin da na ce ku riƙe. Yadda alimun ke kwantar da ruwa shi ne, yana kashe cajin nan na laka, sai ƙwayoyin su daina ture juna, su dunƙule, su nutse. A randa wannan shi ne daidai, kuma iyayenmu sun gano shi tun kafin a gina jami'ar da na yi karatu. Amma idan caji ya mutu, lantarkina ya makance. Idan alimun ya yi yawa kuma, ba kashe cajin kawai yake yi ba, juya shi yake yi. Sai farantin da na sa ya janye laka ya koma tura ta, wanda na sa ya kore ta ya koma kiranta. Sautin shi ma ya riƙa farfasa dunƙulen da alimun ya haɗa, ana cusa su a ƙofofin matata. Hannu biyun da na ƙera su share, su suka yi yaɓen. Na'urar ba ta yi kuskure ko na daƙiƙa ɗaya ba, abin da aka gina ta a kai ta yi.

Magana ta biyar, ita ce mai nauyi.

A shafi na biyu na takardar da ke hannunku an rubuta: “An zuba alimun a tanki ba bisa ƙa'ida ba, kuma mai kula bai hana ba.” Ni na ba kwamiti bayanin da suka rubuta wannan jimla da shi, na karanta ta, na bar ta ta wuce. Jimlar ta cire wa Malam Ɗayyabu rigar sata ta sa masa ta sakaci, ta kuma shafa wa iyayena mata baƙin fenti. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau zan sauko daga kan nawa.

Wace ƙa'ida aka karya? Ban rubuta ta ba, ban faɗe ta ba, ban liƙa ta a jikin tanki ba. Na yi gwaje-gwajena da laka da ruwan famfo, a ɗaki mai fanka. Na auna komai, ban tambayi mace ko ɗaya abin da take yi wa ruwa kafin ta sha ba, ni da na girma ana aikena sayen alimun.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mako uku da fara aikin na'urar, ranar wata Talata da hantsi, Malam Ɗayyabu ya kira ni. Ina ƙofar ofishin malamina, takardu a hannu, ina sauri. Ya ce: “Injiniya, mata sun fara jefa alimun a tanki. In hana su, ko in ƙyale?” Na ce masa: “Ƙyale su, Baba, ai taimako ne.” Na kashe waya. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Mai gona, wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, ya ga abin da ya kamata a tambaya ya tambaya. 'Yar jami'a ta amsa ba tare da ta tsaya ta yi tunani ba. Ya bi umarnina sau da ƙafa, kuma a kan bin umarnin nan aka kira shi ɓarawo.

Ranar da na ji ɓaurin nan a harshena, a kan tankin, na tuna da kiran. Bayan kwana biyu na same shi a gonarsa yana sassabe, na gaishe shi, na ce: “Baba, ka tuna ka taɓa kirana a kan alimun?” Ya dogara da fartanyarsa ya ce: “Na tuna.” Na ce: “Me ya hana ka faɗa wa kwamiti da suka zo da maganar?” Ya ce: “Da fari ban san shi ne ba. Da aka ce shi ne, sai na ga in na faɗa, Balan da Kademi ba za su yarda da ke ba, yaransu su ci gaba da shan kwata. Bar shi kawai, 'yata. Ni sunana ya gama aikinsa. Ke yanzu kike fara gina naki.”

Na dawo gida da wannan magana, na yi mako uku ina juya ta, kuma ina gaya muku gaskiya, ta yi mini daɗi. Kyauta ce aka miƙo mini, babu mai sani sai ni da shi da Allah. Abin da ya hana ni karɓa ƙarami ne. An gaya mini cewa tun da aka karɓe makullin, Malam Ɗayyabu ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar, inda ya yi shekara talatin yana zama. Yana idar da salla sai ya ɗauki takalmansa. Sunan da ya hana mutum zama cikin tsararrakinsa bai gama aikinsa ba. Na ji kunya, kuma har yanzu da nake tsaye a nan ina jin ta.

Saboda haka, mai girma shugaban taro, ga shawarata a matsayina na mai sana'a. Na'urar tana gyaruwa. Matata ce za a sauya, a wanke tanki, a yi masa murfi. Hanyar lantarki da sauti hanya ce mai kyau, amma ba tsafi ba ce: tana buƙatar wuta, sautin in ya yi ƙarfi da yawa yana cin matata, ba ta cire gishiri, ba ta cire maganin feshi da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, don haka dole a riƙa kai ruwan gwaji. Alimun ya zauna a randa, can ne gidansa, kuma kada wata ta ji an raina shi. Game da Balan da Kademi, ba zan ja layi ko ɗaya a takarda ba sai na zauna da matan can, kuma ina roƙon Inna Hanne ta raka ni. In kuma bayan abin da kuka ji kun ga ya fi a nemo wani injiniya, hakkinku ne, zan miƙa masa zanena duka, ba zan riƙe ko shafi ɗaya ba.

Roƙona kuwa uku ne. A soke jimlar nan ta shafi na biyu, a rubuta cewa mai kula ya tambaya, Injiniya ta ba shi amsar da ba daidai ba. Liman ya sanar a masallaci, a wurin da maganar ta yaɗu, cewa an buɗe akwatin an tarar da komai. Na uku, shugaban kwamiti ya ba ni aron makullin da safen nan don in nuna wa baƙi na'urar, ga shi a hannuna, ina neman izini kada in mayar masa da shi, in kai wa wanda aka karɓe shi a hannunsa. Na ga shugaban taro ya gyaɗa kai, na ga shugaban kwamiti ma ya gyaɗa. Allah ya saka muku da alheri.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, a sama da ƙasa. Allah ya ba mu damina mai kyau, ya tsare mana 'ya'yanmu daga cutar da ruwa ke kawowa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah ya tsare harsunanmu daga zato, ya ba masu ilimi a cikinmu haƙurin sauraron tambaya har ƙarshenta. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da su gida lafiya.

Baba Ɗayyabu, na ga kana neman sandarka. Kada ka taso. Ka kira ni ban tsaya na saurara ba, an kira ni na yi wata huɗu ban zo ba. Wannan karon zauna inda kake, ni zan tako.

Na gode.